Lukuman Injiniya da Farfelar Jif ɗin Hajiya

A Bungudu, idan ka tambayi gidan Injiniya, babu mai ce maka wane injiniya. Kowa zai nuna maka ƙofar gidan Hajiya Tambaya mai man gyaɗa, yana danne dariya. Lukuman ake nufi, ƙanen Hajiya kuma direbanta. Shi ya raɗa wa kansa sunan bayan wani ci-rani da ya je, wanda shi kaɗai ya san inda ya kai shi. Yau ya ce Libiya, gobe ya ce Aljeriya. Waɗanda suka gan shi kuwa sun rantse a Ƙauran Namoda suka gan shi, yana tura baro.

Motar da yake ja wata tsohuwar jif ce mai jan ƙafa huɗu, wadda marigayi mijin Hajiya ya bari. Da ita ake shiga ƙauyuka sayen gyaɗa, ta ratsa rafi, ta ratsa taɓo, ta dawo gida tana huci. A daminar nan sai ta tsiro da wani sabon hali. Idan tana tafiya a hankali, wani abu a ƙarƙashinta ya riƙa kuka cii-cii kamar ɗan tsako, idan aka sa giya kuma ta ce ƙam.

Hajiya ta kira shi tsakar gida, inda mata suke ta suyar alkaki. Ɗiyarta Wasila ta tare a gidan mijinta Bashir a 'Yankuzo, can bayan Tsafe, saura kai gara.

“Lukuman, ka kai motar nan Gusau ga bakanike. Ran Asabar za mu kai garar Wasila, ban son abin kunya gaban surukai.”

Lukuman ya dafe ƙirji. “Bakanike, Yaya? Ina raye? Mi bakanike ya sani wanda ba ni na manta da shi ba? Farfela ce ta ji ƙishirwa.”

“Mi ne ne farfela kuma?”

“Doguwar sandar ƙarfen nan da ke kwance ƙarƙashin mota, ita ke ɗaukar ƙarfin inji ta kai ma tayoyi. Tamu biyu gare ta, ta gaba da ta baya. Giris kawai gaɓoɓinta ke so. A Libiya, ina barci nake yin wanga aiki.”

“To ka yi shi a farke,” in ji Hajiya.

Da safiyar Juma'a sai ga Lukuman ya dawo daga kasuwar Gusau da bindigar giris a kafaɗa, wani ƙarfe mai hannu da dogon baki, wanda ake cusa giris da shi cikin gaɓoɓin mota. Gidan Hajiya yana da fili a baya, amma can babu 'yan kallo. Don haka ya fito da jif ya ajiye ta a kan gangaren ƙofar gida, daidai saman teburin Dogo mai shayi, inda mazan unguwa ke taruwa. Birkin hannun motar ya mutu tun zamanin marigayi, saboda haka ya bar ta a giya, ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanu kamar mai talla.

Dogo ya leƙo ta saman tukunyar shayi. “Injiniya, yau tiyata za a yi?”

“Kai dai dama shayinka. Wanga ilimi ya fi ƙarfin mai cokali.”

Ya shige ƙarƙashin mota, ya laluba ya sami ɗan kan nonon da ake ɗura giris ta cikinsa, ya kafa bakin bindiga, ya dinga matsa hannu. Bindiga ta ce fuss, ta ce fuss. Ko ɗigo bai fito ba. Ya fito, ya girgiza ta, ya kara ta a kunne.

“Ta yi magana?” in ji Dogo.

“Iska ta sha. Yanzu zan sa ta gyatsa.”

A daidai nan Malam Ashiru ladan ya iso, cikin farar babbar rigar Juma'a mai sheƙin bugu, ya tsaya gaisawa. Lukuman ya ga babban baƙo, ya gyara tsayuwa.

“Malam, matso ka ga fasahar Nasara. Ka ga nan? Nan ake kwancewa.”

Abin da mai kantin da ya sayar masa da bindigar ya gaya masa, bai saurara ba, shi ne akwai wani ƙaƙƙarfan sifirin mai danno giris a ciki, sai an ja sandar baya an maƙale kafin a kwance kai. Yana murɗa kan, bindigar ta yi amai gaba ɗaya. Giris ya tashi curi guda, ya sauka a ƙirjin Malam Ashiru, ya gangaro kan aikin askar gaban rigar, sauran ya zube cikin yashi.

Dogo ya ajiye cokali.

Malam Ashiru ya dubi rigarsa, ya dubi Lukuman. “Wagga ita ce fasahar?”

“Malam, ai giris ba najasa ba ne.”

“Awo, ba najasa ba ne. Kai ne najasar.”

Dariya ta ɓarke har wani ya ƙware da burodi. Malam ya juya gida riƙe da riga nesa da jikinsa, yana karanto wasu addu'o'i da ba a saba jin su a kiran salla ba.

Yanzu babu giris, bindiga kuma ta watse. Da wani mutum ne, da ya haƙura ya koma Gusau. Amma komawa na nufin Dogo zai yi ta ba da labari har sallar layya. Lukuman ya ce yana zuwa, ya shiga gida. Mata sun koma maƙwabta tuƙa nakiya, ɗakin da aka jera kayan gara a buɗe. A kusurwa ga wata babbar kwalla cike da man shanu, wanda Hajiya ta aika har Kekun Waje aka haɗo mata, rawaya shar, ƙanshinsa ya cika ɗakin.

Ya ɗan tsaya. Mai dai mai ne.

Ya kwashe fiye da rabi cikin roba. Da ya ga ramin da ya bari, sai ya ɗauko ƙaramin kwanon sha ya kifa a gindin kwallar, ya lulluɓe shi da sauran man, ya shafe saman da bayan cokali sumul, ya rufe.

“Wane irin giris ne wanga mai ƙanshin tuwon biki?” in ji Dogo, da Lukuman ya fito da robar.

“Na jirgin sama ne. Ba a sayar da shi ga kowa.”

Tunda babu bindiga, sai ya yanke shawarar kwance farfelar gaba ɗaya ya shafe ta da hannu. Ya koma ƙarƙashi ya kwanta rigingine, ya kama kwance notunan ta baya, yana yi wa jama'a lacca daga can ciki a kan yadda wani Balarabe ya taɓa roƙonsa ya auri 'yarsa saboda iya ɗaurin noti.

Farfelar nan ita kaɗai ke riƙe da tayoyin baya a jikin giya. Noti na ƙarshe yana fita, ta faɗo masa a ƙirji, jif kuma ta sami 'yanci. Ta motsa a hankali, ba ƙara, ba sallama, ta wuce ta samansa, ta nufi gangare.

“Dogo, mota! Dogo!” wani mai shan shayi ya kwarma ihu.

Masu shan shayi suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Dogo ya sungumi tukunyar ruwan zafi ya yi tsalle. Jif ta ture benci, ta ɗauki tebur da gwangwanayen madara da tulin burodi, ta kai su jikin bishiyar darbejiya, ta tsaya.

Lukuman yana kwance a kan buhunsa, rungume da farfela, yana kallon sararin samaniya.

“Wa ya ɗauke motar?” ya ce.

“Mahaifiyarta ta kira ta!” in ji Dogo. “Ka ga teburina? Ka ga burodina?”

Lukuman ya miƙe ya karkaɗe wando. “Gwaji ne. Duk injiniyan kirki sai ya gwada ko tayoyi na juyawa. Kun gani da idonku, suna juyawa.”

Sai da Hajiya ta fito da kanta ta ba Dogo haƙuri, ta ce a kira kafinta. Ta dubi ƙanenta ta gefen ido.

“In motar nan ba ta tashi gobe ba, kai zan ɗora ma kayan.”

Aka sa duwatsu a tayoyi. Lukuman ya kwance ta gaban ita ma, ya dulmiya su duka biyun cikin man shanu har suna ɗiga, ya mayar da su yadda hannunsa ya ga dama. Da ya gama, wasu notuna suka rage a kan buhu.

Dogo ya nuna su da ƙafa. “Waɗannan fa? Marayu ne?”

“Ƙari ne. Masu ƙera mota na cika su don su ci kasuwa. Nauyi kawai suke ƙara ma ta.” Ya zuba su a aljihu.

Ran Asabar da hantsi aka yi lodi. Buhun shinkafa, jarkokin man gyaɗa, kwallayen alkaki da nakiya da dubulan, kwandon ƙwan zabo da Hajiya ta ƙara don a san gidan da Wasila ta fito, sai kwallar man shanu a tsakiya kamar amarya. Hajiya ta zauna gaba. Ƙawarta Hanatu, mace mai jiki da baki, ta shiga baya tare da wasu mata. Lukuman ya sa baƙin tabarau duk da hadarin da ya rufe gari.

Suka bar Bungudu. Kukan ɗan tsako ya ɗauke ɗif.

“Kun ji?” in ji Lukuman. “Shiru kamar masallaci. A faɗa ma Dogo.”

Yana taka mai suka hau kwalta, sai motar ta fara kyarma. Da farko madubi ne ya soma rawa. Daga nan murafen kwallaye suka kama kiɗa. Can sai kujeru, da ƙofofi, da haƙoran mutane.

“Lu-lu-lukuman,” in ji Hanatu daga baya, kumatunta na kaɗawa, “mi-mi-mi ke faruwa?”

“Tausa ce, Hajiya Hanatu. Motocin manya duk haka suke. Wasu asibiti suke zuwa a yi musu.”

“To ƙwai ma a-a-ana yi musu tausa? Ga su nan suna bin zanena!”

“Rage gudu!” in ji Hajiya Tambaya.

“Yaya, in an rage ba ta saba ba. Sai an ba ta wuta man ya ratsa.”

Haka suka shiga Gusau, mota na rawa, mata na salati. A babban shataletale, inda motocin haya da 'yan kabu-kabu suka cakuɗe, Lukuman ya murɗa sitiyari da hannu ɗaya don mutane su gani. Sai aka ji ƙararrau a ƙasa, wani abu ya daki cikin motar, ya ja kwalta da tartsatsin wuta, ya fice ta baya. Kyarma ta tsaya nan take.

“Alhamdu lillahi,” in ji Lukuman. “Man ya ratsa.”

Ya taka mai. Inji ya yi kururuwa, mota ta ci gaba da silalewa a hankali har ta tsaya cak a tsakiyar hanya. Ham ɗin motoci ya tashi ta ko'ina. Wani ɗan kabu-kabu ya faka a gefen tagarsa, fasinjansa na rungume da doguwar sandar ƙarfe mai naso.

“Direba, kun yar da kayanku.”

Lukuman ya dube ta sama da ƙasa. “Ba tamu ba ce.”

“Daga gindin motarka ta fito, ina bayanka. Saura kaɗan ta aske min ƙafa.”

“Wataƙila wani ya ajiye ta can.”

Hajiya Tambaya ta cire masa tabarau da hannunta. “Karɓi abinka, don ubanka.”

“Yaya, uban namu ɗaya ne.”

“Shi ya sa na san abin da nake faɗi.”

Aka cusa farfela a baya, ƙarƙashin ƙafafun mata. Direbobi na zagi, mai kula da hanya na busa usur. Lukuman ya kama ƙaramin giyan nan da ke sa ƙafafun gaba su ja, ya tura shi da ƙarfi. Cikin ikon Allah jif ta zabura. Nan take girman kansa ya dawo.

“Kun gani? A sahara da guda muke tahiya. Ta biyun ado ce.”

Kafin su kai Tsafe wani ƙanshi ya fara tasowa ta ƙasan kujeru, ƙanshin mai da ya ji wuta, irin wanda ke sa maƙwabci ya shigo gaisuwa ba dalili. Hanatu ta buɗe hanci.

“Wa ke suya? Wallahi man shanu nake ji, har da ƙauri.”

“Gidajen bakin hanya ne,” in ji Lukuman.

“Gidajen ne ke bin mu tun daga Kwatarkwashi?”

Da suka tsaya a tashar Tsafe, karnuka suka taru. Wasu suka shige ƙarƙashin mota suna lasa, wani ƙato ya ɗora ƙafafu a ƙofar baya yana shinshinar farfelar da ke ƙarƙashin Hanatu. Hajiya Tambaya ta dubi karnuka, ta dubi farfela, ta dubi ƙanenta. Ta zagaya, ta buɗe kwallar man shanu, ta nutsa ludayi. Ludayi ya ce ƙwal.

Ta ciro kwanon sha, ta ɗaga shi sama, mai na ɗiga.

“Lukuman. Man garar ɗiyata ka shafa ma ƙarfe?”

“Yaya, ki dubi abin ta fuskar kimiyya…”

Kwanon ya same shi a kafaɗa. 'Yan tasha suka zagaye su, masu rake suka bar rakensu. Hanatu ta tsaya a kan matakin mota tana ba kowa labari daga farko, da ƙarin gishiri.

Hajiya ta ce a nemo mata wata mota ko nawa ne. Direbobin tasha suka girgiza kai. Ruwan jiya ya cika rafin da ke bakin 'Yankuzo, ƙaramar mota ba ta ratsa shi, sai irin wannan. Rana kuma ta karkata, kuma a zamanin nan babu mai son yamma ta riske shi a wannan hanya da mata da kaya. Ba yadda ta iya. Ta juye sauran man cikin ƙaramar langa, ta shiga mota.

“In ka ƙara cewa Libiya, sai na tura ka can da ƙafa.”

Suka bar kwalta suka kama hanyar ƙasa, gero da dawa sun yi kore hagu da dama. Jif na tafiya tana ƙam-ƙam kamar ana dakan sakwara a ƙarƙashinta. Da suka hango rumbunan 'Yankuzo, Hanatu har ta fara gyara ɗaurin kallabi.

Surukai sun fito tarye. A ƙetaren rafi ga dangin ango maza da mata, ga masu kalangu, ga Bashir ango cikin shuɗiyar shadda. Rabin gari ya biyo su. Lukuman ya ga taro, ya lalubo tabarau ya mayar.

Jif ta shiga rafi, ta kai tsakiya, ta zauna cikin laka.

Samarin gari suka fara naɗe wanduna. Bashir ya ɗaga murya: “Kawu, kashe ta, bari mu turo!”

Lukuman ya fito da kai ta taga. “Kowa ya matsa! Ba a tura motar da na gyara. Masu kiɗa, ku ba ni taken jarumai!”

Masu kalangu, da yake sana'arsu ce, suka ba shi. Ya ja baya, ta ce ƙam. Ya sa gaba, ta ce ƙam. Ya taka mai har ƙasa. Laka ta tashi ta yi wa shaddar ango zane, ta wanke mai kalangu na gaba. Sai aka ji ɓas, kamar an harba bindigar toka. Farfelar gaba ta fito ta gefen mota, ta yi juyi a cikin ruwa, ta kafe a laka a tsaye.

Inji na ihu, hayaƙi na tashi, taya ko ɗaya ba ta motsi. Lukuman bai sani ba. Yana riƙe da sitiyari yana murɗawa hagu da dama, yana ɗaga wa mutane hannu.

“Kun ga ƙarfi? Yanzu za ta hita!”

Wani tsoho ya tako cikin ruwa, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashi, ya miƙe.

“Ɗana, ina za ta? Ai babu komi ciki. Ina hango jama'ar wancan gefen.”

Kiɗa ya mutu, dariya ta maye gurbinsa. Mata suka riƙe ciki, wani ya zauna cikin ruwa da rigarsa. Hajiya Tambaya ta miƙa hannu ta zare makulli, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Shanun huɗa aka kawo, aka ɗaura wa jif igiya. Bijimai biyu suka ja ta cikin gari, mata a ciki, masu kalangu a gaba. Hajiya ta rantse ƙarafan nan ba za su ƙara zama kusa da abinci ba, don haka Lukuman ya biyo baya a ƙasa, farfela a kowace kafaɗa, laka har gwiwa, karen gari na bin sa yana lasar iska.

A tsakar gidan ango aka shimfiɗa tabarmi, aka jera gara gaban Inna Uwa, kakar Bashir, tsohuwar da idonta ya yi rauni amma bakinta bai yi ba. Komai sai ta shafa da hannu. Ta shafa shinkafa ta sa albarka. Ta sa hannu a kwandon ƙwai, ta ciro shi yana yauƙi.

“Allah sarki, mutanen Bungudu. Har sun fasa muna don kada mu wahala.”

Ta ɗaga langar man shanu ta jinjina. “Wagga kuma ta ɗanɗano ce, babbar na tahe.”

Hajiya Tambaya ta yi murmushin da ya fi kuka ciwo.

Lukuman, da kafaɗunsa suka gaji, ya sauke ƙarafansa a gefen tabarma. Hannun Inna Uwa ya faɗa kansu. Ta shafa daga sama har ƙasa, ta kai yatsa hanci.

“La ilaha! Taɓaren ƙarfe! Har biyu, kuma an shafe su da man shanu! Tunda nake ban taɓa ganin gara da irin wanga ba. Ku yi guɗa!”

Guɗa ta tashi. Hajiya ta buɗe baki, ta tuna gaban surukai take, ta rufe. Abin da aka sa wa albarka a tabarmar gara ba ya komawa.

“Wa ya samo su?” in ji Inna Uwa.

Lukuman ya gyara tabarau. “Ni ne, Inna. Aikin hannuna ne.”

Aka ɗauke farfela biyu aka kai ɗakin Inna, aka jingine su bayan gado. Jif ta kwana gindin tsamiya, kaji suka hau kanta.

Da safe Hajiya ta ce ita da mata za su jira babbar motar kasuwa, ƙanenta kuwa kada ta buɗe ido ta gan shi. Wani manomi mai amalanke da zai kai itace Tsafe ya tausaya masa, ya ce ya hau. Suka fita gari, shanu na tafiya a hankali, Lukuman zaune a kan itace ya yi shiru, abin da ba a taɓa gani ba.

Can ƙafar amalanke ta fara kuka, cii, cii.

Lukuman ya karkata kai. Ya saurara. Ya matso kusa da manomin.

“Malam, ka ji wanga kuka? In ka tsaya nan gindin itacen can, yanzu zan…”

Manomin, wanda jiya yana bakin rafi, ya ja igiya. Shanu suka tsaya.

“Sauka,” ya ce.